Kamu Uku a Kadarkon Maƙoshi

Wanda zai ce ƙarya nake yi ya faɗa tun yanzu, ya tashi ya ba wani wuri. Shekaruna sittin da bakwai, na wuce lokacin da zan tsaya rantse-rantse don a yarda da ni. Sunana Kyallu, kuma a garin da aka haife ni maƙwabtanmu na kusa aljanu ne.

Garin namu Tungar Rama ne, ɗan ƙauye a kan duwatsu, gidajensa ba su fi arba'in ba. A bayan gari akwai kwazazzabon da muke kira Maƙoshi. In ka jefa dutse a cikinsa sai ka gaji da jira ka tafi ba ka ji faɗuwarsa ba. A ƙetarensa Birnin Raɓa yake, garin aljanu, wanda ba ya buɗuwa sai safiya ɗaya a shekara, bayan kaka, kuma da raɓa ta bushe a kan ciyawa ya rufe.

Aljanun nan sun iya komai. Suna gina soro da gajimare, suna tatsar nono daga dutse, amma ba su iya tufka ba. Igiya in ta shiga hannunsu ba a gama ta ba, warwarewa take yi. Mu kuma ƙasarmu dutse ce zalla, ba abin da ke tsirowa a kanta sai irin geron da suke ba mu. Shi ya sa kakanninmu suka ƙulla alkawari da su. Kowace shekara mu tufke sabon kadarko, wato gadar igiya, mu haye mu kai musu igiyoyin rijiya da na ɗaure dabbobinsu, su kuma su cika mana ƙorai da iri.

Wayyo lokacin tufka! Har yau in na ji warin rama jiƙaƙƙiya sai ƙirjina ya yi nauyi. Gari duka a gindin ɗorawa, mata na saɓe ɓawo, maza na jan igiya, ana tsiya ana dariya, Inna na zagaya mu da ƙwaryar fura tana faɗa wai mun fi iya surutu. Tufka mutum biyu ke yin ta, ɗaya na miƙa zare ɗaya na murzawa. Abokiyar aikina yayata ce, Yalwa. Tana da shekara goma sha bakwai, ni ina da goma sha uku. Ita ce mai haƙuri, ni ce mai rawar kai, kuma duk ɓarnar da na yi ita ke shiga tsakanina da bulalar Inna.

Dokokin kadarko biyu ne. Ta farko, uwar igiya, wato babbar da ke ɗauke da nauyin gadar duka, sau ɗaya tak ake auna ta. Sarkin Tufka, Baba Cindo, shi ke aunawa ya naɗe ta gida biyu ya ajiye a rumbu. Sake aunawa zagi ne ga hannayen da suka yi aikin. Ta biyu, duk mai hayewa sai ya ƙulla zarensa a jikin turken bakin gada, in ya dawo ya kwance da hannunsa. Muddin akwai ƙulli ko ɗaya a turken, kadarko ba ya sauka.

To, a shekarar da nake ba ku labari, igiyar lilona ta tsinke. Lilo kawai, na wasan yara, a reshen kanya. Da rana tsaka, mutane na gona suna kwashe kara, na shiga rumbu da wuƙar Inna na yanke kamu uku daga uwar igiya. Na ɗaure bakin tsaf yadda aka koya mini, na mayar da ita. A raina cewa nake, igiya mai tsawon nan wa zai lura da kamu uku? Kwana biyu na yi ina shan lilona.

Ranar hayewa, gari na wayewa Birnin Raɓa ya bayyana, ganuwarsa na sheƙi, kakakinsu na tashi. Maza suka shimfiɗa gorori. Aka ɗaure rabin uwar igiya a turkenmu, wata guguwa ta zo ta ɗauki ɗaya rabin ta kai turkensu. Baba Cindo ya taka zuwa tsakiya zai haɗa baki biyu, Yalwa na biye da shi da zaren ɗauri, don ita ce gwanar ƙulli. Ya ja, ya ja, bakunan suka ƙi haɗuwa. Tsohon nan ya zauna a kan gora ya dafe kai.

Sai ga Magajiyar Kadarko ta taso daga wancan gefe, tana tafiya a kan iska. Doguwa ce, gashinta fari har dugadugai, idanunta launin ruwan rijiya. Ta ce, "Ya ku 'yan Adam, shekara ɗari uku ba ku taɓa kawo mana gajeriyar igiya ba. Raɓa ba ta jiran kowa. Ko ku haɗa yanzu, ko bana ku shuka tsakuwa."

Ina tsaye a bayan Inna. Da na yi magana, da an ruga gindin kanya an kwanto igiyar, ba nisa. Ban yi ba. Tsoron bulala ya fi mini komai girma a safiyar nan.

Yalwa ta ce, "Ranki ya daɗe, abin da ya rage bai fi tsawon hannayena ba. In na riƙe fa?"

Magajiya ta dube ta daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ya ke yarinya, za mu sa miki ƙarfin dutse a damtse. Ba za ki ji yunwa ba, ba za ki tsufa ba. Amma hannunki ba zai buɗe ba sai ƙullin ƙarshe ya bar turke. Kin yarda?"

Yalwa ta yi dariya ta ce, "Ai kafin hantsi an gama."

Ta kama baki ɗaya da dama, ɗaya da hagu, ta tsaya hannu a buɗe, kadarko ya miƙe. Muka ƙulla zarurrukanmu muka haye, kowa na sunkuyawa ta ƙarƙashin hannunta yana sa mata albarka. Da na zo wucewa na ga igiyar ta fara cin tafinta. Na rufe ido na wuce da sauri.

Aka yi musaya, aka ɗauki iri, aka fara komawa. Ni kuwa ƙafata ta ƙi. Na kasa sake bi ta gabanta. Na laɓe a bayan wani rumbun aljanu, daga nan na ga wata ƙaramar ƙofa a bayan ganuwa, na afka. Ashe ita ce Ƙofar Baya, mai jefa mutum inda ba wanda ya san shi. A bakin tashar mota a Funtuwa na tsinci kaina. Wata mai ƙuli-ƙuli ta ɗauke ni ta riƙe, na girma a hannunta, na yi aure, na haifi 'ya'ya biyar, na binne miji. Duk shekarun nan ina gaya wa kaina cewa ai tuni wani ya kwance ƙullina, Yaya ta sauka, ta yi aure, tana can tana zagina. Mutum in yana son ya yi barci ba ƙaryar da ba zai yi wa kansa ba.

Bara, 'yata Saude ta zo mini da waya tana nuna mini hotuna. Wai an yi wata gadar ƙarfe mai lilo a kan wani kwazazzabo, mutane na zuwa yawon buɗe ido. Kallo ɗaya na gane bakin Maƙoshi. Saude ta ce, "Iya, har cewa ake yi in ka tsaya a tsakiya da sassafe kana jin muryar wata yarinya tana tambaya, wai saura wa." Tana dariya take faɗa. Ni kuwa ƙwaryar da ke hannuna ta faɗi.

Na jira kaka ta wuce, na ƙirga kwanakin wata yadda muke yi a da. Na ce wa Saude zan je gaisuwar mutuwa, wanda ba ƙarya ba ce sosai. Mota biyu na shiga, sannan ɗan acaɓa ya hau da ni dutse yana ta ƙorafin hanya. Da sassafe na isa. Inda Tungar Rama take a da an yi wurin ajiye motoci. Ɗorawar tana nan, an zagaye ta da bencin siminti. Kanyar an sare. Na tsaya ina neman ƙofar gidanmu, na ga a daidai wurin wata na soya awara.

Mai tsaron gadar ya dube ni ya ce, "Iya, wannan fa ba ta tsofaffi ba ce, tana rawa."

Na ce, "Ɗan nan, na hau wadda ta fi ta rawa tun ba a haifi uwarka ba. Matsa."

Baki ne kawai. Da na taka ƙarfen nan na ga ƙasa ta ramukansa, sai na kama gefen gadar da hannu biyu. Samari da 'yan mata na ta ɗaukar hoto suna ihu, wani har tsalle yake yi don ta ƙara lilo, Allah ya shirye shi. Kyan wurin dai yana nan yadda na bar shi, duwatsu ja da baƙi, shaho na shawagi a ƙasa da ƙafafuna, farin gajimare kwance a cikin Maƙoshi. Da na kai tsakiya iska ta lafa, sai na ji ta, can gefen hagu inda ido ba ya ganin komai.

"Saura wa?"

Muryar Yaya ce, ko kaɗan ba ta canza ba. Na ƙanƙame wayar ƙarfe na ƙarasa ƙetare ina kuka, mutane na tsammanin tsoro ne.

A wancan gefe ba komai sai duwatsu da ciyawa. Na ratse daga hanyar mutane, na durƙusa na shafi raɓa da tafukana biyu na wanke fuska, na yi sallama sau uku yadda Baba Cindo ke yi. A ta uku aka amsa. Na ɗago kai, ga ganuwar Birnin Raɓa a gabana.

Sarkin Ƙofa na zaune a bakin zaure, wuyansa ya yi tsawon taɓarya biyu, kansa na can sama yana leƙen bayan ganuwa. Ya sauko da kan a hankali har ya zo daidai fuskata. Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, wannan ƙofa ta matufka ce. Nuna hannunki."

Na miƙa. Ya shinshina ya yamutsa fuska. "Man gyaɗa nake ji. Ina kantar igiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara hamsin da huɗu rabona da rama. Kanta ta tafi, amma hannun bai manta ba."

"To tufka mini igiyar da zan ɗaure takalmina. Ba rama a nan, ba kaba, kuma ban yarda ki yagi zanenki ba."

Na cire ɗankwali, na tsige furfurata, na zauna a ƙasa na murza a cinya. Da farko yatsuna suka yi ta tuntuɓe, can sai suka kama hanya da kansu. Na miƙa masa. Ya ja da ƙarfinsa har jijiyoyin wuyan nan suka tashi, ba ta tsinke ba. Sai na ga aljanin nan ya share hawaye. Ya ce, "Rijiyoyinmu duk sun zama na kallo, ba igiyar guga. Shiga, ɗiyar Tungar Rama. Amma ki yi sauri, rana ta fara lasar ciyawa."

Na shiga na bi ta wani lungu da ƙasarsa ke tafiya baya in ka yi gaba, sai da na juya na taka da baya sannan na fita. Na ratsa wani tafki da kifayensa ke yawo a sama da ruwa, suna tambayata labarin farashin gishiri a duniya. Na wuce garken shanun da ba su da inuwa. Duk ban tsaya ba, sai da na iso kasuwa.

Kasuwar ce ta kusa kayar da ni. Aljanu ba sa zubar da komai, kuma da mutanen Tungar Rama suka watse, su suka kwashe abin da aka bari. Ba tukwane da tabarmi nake nufi ba. A wata rumfa an jera tuluna, mai rumfar wata gajeriyar tsohuwa mai kunnuwan zomo. Ta buɗe tulu ɗaya, sai ga ƙarar dakan gidan Baba Cindo, taɓarya uku a turmi ɗaya. Ta buɗe wani, ƙamshin miyar Inna ya bugi hancina, da daddawar da take yi da hannunta. Ta buɗe na uku, na ji tarin babanmu da asuba yana neman buta, na ji Inna tana ƙwala kira, "Kyallu! Ke Kyallu! In na zo na same ki a kan lilon nan!"

Na zauna daɓas a ƙasa.

Tsohuwar ta ce, "Ya ke baƙuwa, tuluna ɗari bakwai ne, duk na garinku. Zauna ki buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ba na karɓar komai. Mai saurare kawai nake nema."

Allah ya sani na so zama. Ba abin da nake so a duniya kamar in sake jin Inna tana yi mini faɗa. Na kai hannu kan tulu na huɗu, sai na lura gefen zanena da ya jiƙe da raɓa ya fara bushewa. Na ce, "Gwaggo, Inna ce da kanta ke kirana, kuma na san aiken da za ta yi mini. Rufe tulunki." Na tashi ina tafiya, kiran na bina har ƙarshen kasuwa, ban waiwaya ba.

A bakin tsohon kadarko na tarar da Magajiya, tana nan yadda na san ta. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Ke ce mai ƙullin."

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Ubanki ya sa haƙori, ya sa wuƙa, ya sa gatari, ƙullin bai motsa ba. Ba a shimfiɗa sabon kadarko a kan wanda bai sauka ba, ba a kuma buɗe rumbun iri sai da sabon kadarko. Shekara uku suka jure, sannan suka watse. Uwarki ce kaɗai ta riƙa hawowa duk shekara tana zama kusa da 'yarta, har ƙafa ta gaza mata. Duk wannan a kan me?"

Na ce, "A kan lilo, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Mu aljanu ana ce mana masu ɓarna." Sannan ta ce, "Ki ji sharaɗi kafin ki taka, don kada gobe ki ce an yaudare ki. Kwanakin da Allah ya ɗibar wa yayarki sun ƙare tun shekara tara da suka wuce. Riƙon nan ne ya tsayar da ita. In kin kwance ƙullinki hannunta zai buɗe, ta tafi inda kowa ke tafiya. In kin bar shi, tana nan da ranta, kina iya zuwa duk shekara ki gan ta, ku yi hira. Zaɓi."

Na ce, "Tana jin zafi?"

"Ba mu yi mata alkawarin ba za ta ji ba."

Na miƙe na ɗaure zanena tamau.

Kadarkon ya tsufa. Gororin sun yi baƙi, wasu sun zube, sai na yi rarrafe na tsallake ramukan. Iska ta taso daga cikin Maƙoshi tana wujijjiga ni, tana raɗa mini a kunne cewa in koma, ai na saba gudu. Wasu tsuntsaye masu fuskar mutane suka sauka a kan igiya suna kiran sunayen waɗanda suka mutu a gudun hijira daga garinmu. Gora ɗaya ta karye a ƙarƙashin gwiwata, takalmina ya tafi, ban ji saukarsa ba. Na ci gaba da ja da ciki ina karanta duk abin da na haddace.

Sai ga ta. Tsaye, hannu a buɗe, da zanen saƙin da ta ɗaura ranar, da kitson da ni na riƙe mata madubi aka yi shi. Yarinya ƙarama, jikata ta fari ta girme ta. Igiyar ta nutse cikin tafukanta har ba a gane inda fata ta ƙare.

Ta juyo da kai ta gan ni, fuskarta ta washe. Ta ce, "Inna! Kin daɗe ba ki zo ba. Ƙafar ce?"

Na matso kusa da ita.

"Inna, saura wa? Har yanzu Kyallu ce ko? Don Allah in ta dawo kada ki dake ta. Na san ita ta yanki igiyar, na ga sabon ɗauri a lilonta tun ranar. Tsoro ne ya hana ta zuwa. Ki aika a gaya mata ba wanda zai taɓa ta."

Na ce, "Yaya."

Ta dubi gefen da na fito, ta dubi fuskata, ta sake duban gefen. Ta ce, "Inna ba ta taɓa ɓullowa ta nan ba." Can ta ce, "Kyallu? Ke ce kika zama haka?"

"Ni ce, Yaya."

Sai ta fashe da dariya, kadarko duka na girgiza. "Kai! Dubi haƙoranki! Ina sauran? Lallai na daɗe a nan."

Na rungume ƙafafunta ina kuka ina cewa ta yafe mini. Ta ce in tashi kada in jefa mu ƙasa. Ta tambaye ni Inna da Baba, na gaya mata abin da Magajiya ta faɗa, ta runtse ido ta yi musu addu'a. Ta tambaye ni ko na yi aure, ko mijin na da kirki, 'ya'ya nawa. Na ce biyar, ta biyun sunanta Yalwa. Ta ce Allah ya sa ba ta ɗauko wautar mai sunan ba. Muka yi hira kamar muna gindin ɗorawa, na ba ta labarin mota da lantarki da waya, ta ce ta ga gadar ƙarfen da aka yi, ƙullinta bai burge ta ba.

Sannan na gaya mata sharaɗin, ban ɓoye komai ba. Na ce, "Yaya, in kin ce in bari, zan bari. Zan dawo duk shekara. Zan kawo miki Yalwa ƙarama ki gan ta."

Ta dube ni irin kallon da take yi mini in na kawo shirme. Ta ce, "Kyallu, kafaɗuna sun gaji. Wuce."

"Yaya, yanzu fa na same ki."

"Na sani. Ni ma na ji daɗi. Dubi ciyawa, ta kusa bushewa. Sunkuya ki wuce, kuma wannan karon ki buɗe idonki."

Na sunkuya na bi ta ƙarƙashin hannunta ido buɗe. Na ga kowane zare da ya ci namanta. Na sumbaci damtsenta, na wuce.

Turkenmu na nan a bayan wurin ajiye motoci, cikin ƙaya, ba mai ganinsa. Ƙulli ɗaya ne a jikinsa, na jan zare, ƙullin yarinya mai gaggawa. Duk jikin turken saran gatarin Baba ne. Na tsaya a gabansa. Daga tsakiyar Maƙoshi ta ɗago murya, da tsokana a ciki, "Saura wa?"

Na ce, "Ba saura, Yaya! Kowa ya dawo!"

Na taɓa ƙullin da yatsa biyu, ya warware kamar jiya aka yi shi.

Na ga yatsunta na buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Bakunan igiyar suka zame, rabi ya yi gabas rabi ya yi yamma, gororin suka zube cikin gajimare. Ita kuwa ta ɗan tsaya a kan iska. Ta sauke hannayenta a hankali, ta dube su, ta juya su gaba da baya. Shekara hamsin da huɗu ba ta yi komai da su ba, ina jira in ga me za ta fara yi. Sai ta miƙo mini su duka biyu.

Na miƙa nawa. Tsakaninmu rabin Maƙoshi ne. Rana ta gama shanye raɓar, ganuwa ta ɓace, ita ma ta tafi.

A haka mai tsaron gadar ya same ni, tsaye a bakin kwazazzabo, ƙafa ɗaya ba takalmi, hannu biyu a miƙe. Ya kamo ni ta baya yana salati. Ya ce, "Iya, lafiya? Wa kike jira?"

Na ce, "Ba kowa, ɗan nan. Samo mini ruwa in yi alwala, yayata ce ta rasu yanzu."

Iyakar abin da ya faru ke nan. Wanda ya ji, ya yi mata addu'a, sunanta Yalwa.